Igor Sikorsky: Injiniyan da ya fara saka ɗumi a cikin jirgin sama

Duk wanda ya taɓa tashi daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, musamman alhazanmu masu zuwa Saudiyya, ya san cewa da an lula sama sai mutum ya fara laluben mayafi. Akan ɗora laifin a kan na'urar sanyaya ɗaki.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a bayan tagar da fasinja ke jingina kansa, sanyi kan kai digiri 50 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. A yawancin manyan jirage, iska mai zafi ake ɗebowa daga injina a surka ta, sannan a turo ta ciki. Ba don haka ba, da ba mayafi za a nema ba, likkafani ne.

Wannan dabara ta cin moriyar zafin inji don ɗumama mutanen da ke ciki ta haura shekara 110. Wanda ya fara aiki da ita a jirgi mai fukafukai wani saurayi ne ɗan shekara 24, wanda ya fara haɗa jiragensa a bayan gidan mahaifinsa. Sunansa Igor Sikorsky. Duniya ta fi saninsa da jirgi mai saukar ungulu, amma wannan ya zo ne daga baya.

Ɗan autan gidan likitoci

An haifi Igor Ivanovich Sikorsky ranar 25 ga Mayun 1889 a birnin Kyiv, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Daular Rasha, yanzu kuma shi ne babban birnin Yukren. Shi ne auta a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa Ivan farfesa ne a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. Mahaifiyarsa Mariya ita ma ta karanci likitanci, sai dai ba ta yi aikin ba. Ita ce ta koyar da shi a gida tun yana ƙarami, ta nuna masa zane-zanen Leonardo da Vinci da littattafan Jules Verne.

Yana ɗan shekara 12 ya haɗa wani ɗan jirgin wasa mai farfela a ka, wanda igiyar roba ke juyawa, kuma ya tashi. Irin abin da yaranmu ke yi da karan dawa da gwangwani ne, bambancin kawai shi ne a gidansu ba wanda ya ce masa ya daina shirme.

A 1903 ya shiga makarantar sojan ruwa a St Petersburg. Bayan shekara uku ya ajiye, domin hankalinsa na kan aikin injiniya. A 1907 ya shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta Kyiv. Wato dai ɗan foliteknik ne, kamar ɗaliban Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, kuma bai ma kammala ba. Sai a 1914, bayan ya yi suna, wata kwalejin a St Petersburg ta ba shi shaidar girmamawa.

Abin da ya raba shi da aji shi ne wata tafiya da ya yi da mahaifinsa zuwa Jamus a 1908. A can ya karanta labarin tashin da Wilbur Wright na Amurka yake yi a Faransa. Ya dawo gida ba shi da wata magana sai ta jirgi.

Yayarsa Olga ce ta ba shi kuɗi. A farkon 1909 ya tafi Paris, ya yi ta zarya a filayen da masu gwajin jirage ke taruwa, ya sayo injin Anzani mai ƙarfin doki 25. Da ya dawo Kyiv sai ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a lambun gidansu, mai farfela biyu, ɗaya a kan ɗaya.

Abin ya yi ƙara, ya yi jijjiga, bai tashi ba. Sikorsky bai tsaya gardama da shi ba, sai ya ɗaura shi a kan sikeli ya auna. Ya ga ƙarfin ɗagawarsa kusan kilo 160 ne, nauyinsa kuma ya fi haka da kusan kilo 45. Na biyun da ya haɗa a 1910 ya iya ɗaga kansa, amma ban da mutum a ciki.

Daga nan ya jingine maganar. Ya gane cewa injinan zamanin ba su kai ba, kuma shi ma saninsa bai kai ba. Jinginar ta ɗauki kusan shekara 30.

Abin da sauro ya koya masa

Ya koma kan jirgi mai fukafukai. Na farko, S-1, gudu kawai ya yi a ƙasa. Na biyu, S-2, ya tashi a watan Yunin 1910 na tsawon daƙiƙa 12, kuma ba a yi wata guda ba ya faɗi da shi ya wargaje. Babu wanda ya koya masa tuƙi. Yana ƙera jirgin yana koyon tuƙa shi a lokaci guda, idan ya faɗi ya tsince abin da ya saura ya sake haɗawa.

Sai a kan na biyar, S-5, a 1911, abin ya kankama. Da shi ya samu lasisin tuƙi mai lamba 64 a Rasha. Da shi ne kuma wata rana inji ya mutu masa a sama, ya yi saukar dole, jirgin ya lalace, shi ya tsira.

Da aka kwance injin sai aka tarar da sauro guda ɗaya. Ya faɗa cikin man fetur, ya bi bututu ya toshe kafireta.

Mu da muke kwana a bakin fadamar Rima mun san sauro ba abin rainawa ba ne, amma ban taɓa jin wanda ya kayar da jirgi ba sai wannan. Darasin da Sikorsky ya ɗauka shi ne, muddin ran mutum na rataye a kan inji ɗaya, to abu mafi ƙanƙanta zai iya kashe shi. Maganin shi ne a ƙara yawan injinan, idan ɗaya ya tsaya sauran su riƙe.

A 1912 jiragensa suka ci gasa a Moscow da St Petersburg. A shekarar ce wani kamfanin ƙera taragun jirgin ƙasa, Russo-Baltic, ya ɗauke shi ya shugabanci sashen jiragen sama. Shugaban kamfanin, Mikhail Shidlovsky, ya saurari shawararsa ta jirgi mai inji huɗu, ya ce a fara aiki. Masana da yawa a lokacin suna ganin abu mai wannan girman ba zai bar ƙasa ba, idan ma ya bari, da inji ɗaya ya mutu zai karkace ya kife.

A watan Mayun 1913 jirgin, wanda aka yi wa laƙabi da Grand, ya tashi da Sikorsky a kan sitiyari. Shi ne jirgi mai inji huɗu na farko a duniya. Sarkin Rasha Nicholas na Biyu da kansa ya hau tsani ya leƙa cikinsa, daga baya ya aika wa maƙerin da agogon zinare.

Ƙarshen Grand abin dariya ne da takaici. Yana ajiye a ƙasa, sai injin wani jirgi da ke wucewa a sama ya ciro ya faɗo masa a kan fiffike. Sikorsky bai gyara shi ba, domin hankalinsa ya riga ya koma kan wanda ya fi shi.

Ɗaki a sararin sama

Kafin mu shiga wannan jirgin, ya kamata mai karatu ya san yadda tuƙi yake a wancan zamani. Matuƙi a fili yake zaune, iska na dukan fuskarsa, man inji na fallatsar masa. Matuƙa da dama ma ba sa son a rufe su, domin da bugun iska a kumatu suke gane ko jirgi ya karkace.

Ga kuma sanyi. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri shida da rabi. Ka ɗauki safiyar hunturu a Argungu, lokacin da masunta ke kewaye da wutar kara kafin su shiga ruwa, ka ce digiri 15 ake ciki. A lissafin nan, mita 2,000 a sama saura kaɗan ruwa ya daskare. To ina ga St Petersburg a watan Disamba, inda tun a ƙasa ƙanƙara ce ta rufe komai?

Ɗan acaɓa ya san abin da sanyin asuba ke yi wa yatsu a kan birki. Haka yake ga matuƙin jirgi. Hannu ya ƙage, tunani ya yi nauyi, kuskure ya zo. Ɗumi a cikin jirgi ba jin daɗi ne kawai ba.

Sabon jirgin, mai suna Ilya Muromets, wani gwarzo a tatsuniyoyin Rasha, ya fara tashi a watan Disambar 1913. Faɗin fukafukansa ya kai kimanin mita 30. Da katako da yadi da waya aka yi shi. Amma cikinsa ne ya ba mutane mamaki: falo mai tagogi da kujerun saƙa, ɗan ɗakin kwana, da banɗaki. Akwai fitilun lantarki, waɗanda wani ɗan janareta mai farfela ke ba wuta idan iska ta juya shi.

Sannan akwai ɗumi. Sikorsky ya lura cewa injinan na zubar da zafi mai yawa a banza ta bututun hayaƙi. Sai ya jawo dogayen bututai daga injinan ya ratsa da su ta cikin ɗakin fasinja. Hayaƙin na wucewa ta ciki ya fita waje, jikin ƙarfen kuma ya ɗauki zafi ya ɗumama ɗakin. Ba ƙarin mai, ba ƙarin inji, nauyin bututu ne kawai.

Duk wanda salansar babur ta taɓa ƙona wa ƙwauri ya san yawan zafin da ake magana.

A watan Fabrairun 1914, tsakiyar hunturun Rasha, jirgin ya tashi da mutum 16 da kare guda. Ba a taɓa ɗaga mutane masu yawan haka a jirgi mai fukafukai ba. Don a gane nisan da ya yi wa zamaninsa: sai bayan fiye da shekara 11, ranar 1 ga Nuwambar 1925, jiragen sama suka fara sauka a Kano, guda uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar, kuma matuƙansu a fili suke zaune.

Babban gwajin ya zo a ƙarshen Yunin 1914. Sikorsky da mutum uku suka tashi daga St Petersburg zuwa Kyiv, tafiyar fiye da kilomita 1,000, wadda ta fi nisan Birnin Kebbi zuwa Maiduguri a miƙe. Suna karɓa-karɓar tuƙi, wanda ya huta ya koma falo ya ci abinci a kan tebur.

Sun sauka a garin Orsha sun sha mai. Da suka sake tashi sai bututun fetur na ɗaya daga cikin injinan ya fashe, wuta ta kama a kan fiffiken da aka yi da katako da yadi. A jirgi mai inji ɗaya, magana ta ƙare ke nan. Amma Sikorsky ya riga ya bar ƙofofi a gefen jirgin don makanike ya iya fita ya duba inji ana cikin tafiya. Makanikensa Panasiuk da wani hafsan sojan ruwa mai suna Lavrov suka rarrafa kan fiffiken, suka yi ta bugun wutar da manyan rigunansu har ta mutu. Suka sauka, suka gyara bututun, suka ci gaba. Sun isa Kyiv, daga baya kuma suka koma St Petersburg a cikin jirgin.

Zafin da ke raya mutum, shi ke kashe shi

A nan zan ɗan ratse, domin dabarar Sikorsky ba ta mutu ba, kuma haɗarinta ma bai mutu ba.

Har yau yawancin ƙananan jirage masu inji ɗaya, har da waɗanda mutane ke haɗawa da kansu a garejin gida a Amurka da Turai, daga salansa suke samun ɗumi. Abin da ya canza shi ne ba a shigo da bututun hayaƙin cikin ɗaki. Ana naɗa wa salansar wata rigar ƙarfe. Iska mai tsabta daga waje ta bi tsakanin rigar da salansar ta ɗauki zafi, ta bi tiyo zuwa wani ɗan akwati mai murfi a jikin bangon da ya raba inji da matuƙi. Idan matuƙi ya ja waya murfin ya buɗe, ɗumi ya zubo masa a ƙafa. Idan ya mayar, iskar ta fita waje.

Aiki ne da mai walda na Birnin Kebbi zai iya yi a yini guda. Matsalar ita ce, tsakanin hayaƙin inji da hancin matuƙi babu komai sai wannan siririn ƙarfen na salansa, wanda kullum yake shan zafi da jijjiga. Idan ya tsage, ko da tsagar ba ta fi gashi ba, kuma rigar ta ɓoye ta, sai hayaƙi ya gauraya da iskar ɗumin.

A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar shaƙa ke kama shi sau 200 da wani abu. Mutum ya fara da ciwon kai, sai jiri, sai barci. Ita ce dai wadda muke jin ta hallaka iyali guda a dare ɗaya saboda an kwana da janareta a cikin gida, ko an shiga ɗaki da kaskon gawayi lokacin hunturu an toshe ko'ina.

Masu bin ƙwallo za su tuna Emiliano Sala, ɗan wasan Ajantina da ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi daga Nantes zuwa Cardiff ya faɗa teku ranar 21 ga Janairun 2019. Da aka gwada jininsa an samu gubar ta kai kashi 58 cikin 100. Hukumar binciken haɗurran jirage ta Birtaniya, a rahotonta na 2020, ta ce mai yiwuwa hayaƙin ya shiga ne ta hanyar na'urar ɗumama ɗaki, sakamakon matsala a bututun hayaƙi, kuma da alama gubar ta taɓa matuƙin shi ma.

Shi ya sa ake buɗe rigar salansa a duba ta a kai a kai, ake kuma saka 'yar na'ura mai kuwwa idan ta shaƙi gubar. Idan aka tuna cewa Sikorsky ya ratsa da bututun hayaƙin ne ta tsakiyar ɗakin da mutane ke zaune, sai a ce ya yi basira, kuma ya yi sa'a.

Daga fadar sarki zuwa gonar kaji

A Kyiv ne suka tarar da labarin kashe yariman Ostiriya a Sarajevo. Cikin 'yan makonni Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Jirgin da aka yi don fasinja ya koma na yaƙi, aka kwashe kujerun aka saka bama-bamai da bindigogi. An ƙera fiye da 70, sun kai hari kusan sau 400, kuma guda ɗaya tak jiragen abokan gaba suka harbo.

Juyin juya halin 1917 ya rushe komai. An kashe Shidlovsky. Sikorsky, wanda aka sani da kusanci da gidan sarauta, ya fice a farkon 1918 ya bar 'yarsa Tania a hannun dangi. Ya yi ɗan zama a Faransa, inda aka ba shi kwangilar jirgin yaƙi, amma yaƙin ya ƙare kafin a ƙera. Ranar 30 ga Maris ɗin 1919 ya sauka New York, Turancinsa kaɗan, kuɗinsa ma haka.

Mutumin da sarki ya ba agogo ya koma koyar da lissafi da ilimin taurari ga 'yan gudun hijirar Rasha a makarantar dare.

A watan Maris na 1923 ya kafa kamfani da kuɗin da 'yan uwansa baƙi suka harhaɗa. Masana'antar ita ce gonar kaji ta wani abokinsa, Victor Utgoff, a Long Island. A fili suke aiki. Kayan aiki kuwa daga wajen 'yan gwangwan suke: ragowar kayan soja, har da ƙarafan tsofaffin gadajen asibiti. Ma'aikatan sukan yi makonni ba albashi. Da hunturu ya shigo sai aikin ya kusa tsayawa, domin hannu ba ya iya riƙe ƙarfe. Wanda ya ɗumama fasinjoji a sama shekara 10 da suka wuce, ga shi ya rasa rumfar da zai fake a ƙasa.

Mai kiɗan fiyano Sergei Rachmaninoff, shi ma ɗan gudun hijira, ya kawo ziyara ya ga halin da ake ciki, ya ba da dala 5,000. Da ita aka kama hayar rumfar jirage.

Wannan ɓangaren na rayuwarsa ne ya fi kama da namu. A 2007 kafafen labarai na duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero a Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, har ya ɗan ɗaga daga ƙasa. A Kaduna kuma an taɓa haɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi guda 60 masu suna Air Beetle don sojan saman Najeriya, kuma asalinsu samfurin RV-6A ne, wanda Amurkawa ke saya a akwati su haɗa a gida. Hannu dai akwai shi.

Amma a yi adalci. Sikorsky bai kai inda ya kai da basira kaɗai ba. Duk lokacin da ya faɗi akwai mai ɗaga shi: Olga, mahaifinsa, Shidlovsky, Rachmaninoff. An ba shi damar ya lalata jirage kafin na biyar. Namu yaran, a ganina, sau ɗaya ake ɗaukar su hoto da wani babba, a yi alkawari, a watse.

Jirgin gonar kaji, S-29-A, ya tashi a watan Mayun 1924. Ma'aikatan da suka sha wahalarsa suka duru ciki, Sikorsky ya ji nauyin ya ce su sauka. Injinan ba su da ƙarfi, nauyi ya yi yawa, suka yi saukar dole a wani filin wasan golf. Ba wanda ya mutu. Aka sake neman kuɗi, aka saka manyan injina, ya tashi a watan Satumba. Cikin ayyukansa na farko akwai dakon manyan fiyano guda biyu zuwa Washington. Yana ɗaukar fasinja 14 a rufaffen ɗaki, amma matuƙi a baya yake, a fili, cikin iska.

A 1924 ɗin ne kuma ya auri Elisabeth Semion, wadda ta haifa masa 'ya'ya maza huɗu.

Jin daɗi ma yana da nauyi

A 1926 wani shahararren matuƙin yaƙi na Faransa, René Fonck, ya zaɓi jirgin Sikorsky mai inji uku, S-35, don neman kyautar dala 25,000 da aka saka wa wanda ya fara tashi daga New York zuwa Paris ba tsayawa. Aka ƙawata cikin jirgin, aka saka wurin kwanciya, har da abincin da za a ci idan an isa Paris. Aka kuma cika shi da mai fiye da abin da aka tsara masa. Sikorsky ya so a ƙara gwaji, masu kuɗin suna sauri.

Ranar 21 ga Satumba jirgin ya kama gudu a fili, ƙarin ƙafar da aka saka masa don ɗaukar nauyin ta karye, bai tashi ba, ya faɗa wani kwari a ƙarshen filin ya kama da wuta. Fonck da mataimakinsa suka fita. Mai kula da rediyo, Charles Clavier, da makanike Jacob Islamoff, wanda abokin aikin Sikorsky ne, suka ƙone.

Bayan wata takwas Charles Lindbergh ya lashe kyautar shi kaɗai, da inji ɗaya, ba rediyo, ba lemar tsira. Wato ya yi akasin duk abin da Sikorsky ya yi imani da shi, kuma ya isa.

Kamfanin ya farfaɗo ne a 1928 da S-38, jirgin da ke sauka a ruwa da tudu, wanda aka sayar da kusan 100. A shekarar ce Sikorsky ya zama ɗan ƙasar Amurka. Daga nan sai manyan jiragen ruwa masu fukafukai na kamfanin Pan American, S-40 a 1931 da S-42 a 1934. Lindbergh ɗin nan, wanda ya zama amininsa, shi ne ya tuƙa S-40 a tafiyarsa ta farko da fasinja.

A tarihin rayuwarsa da ya rubuta, Sikorsky ya ba da labarin wani mafarki da ya yi yana ɗan shekara 11. Ya ga kansa yana tafiya a wani siririn lungu mai ƙofofin katako da shuɗin haske, ƙasa na ɗan rawa, kuma ya san a sama yake. Ya ce wata maraice a 1931, yana cikin S-40, aka kunna fitilu, ya tsaya a lungun jirgin ya gane wurin.

Komawa ga aikin lambu

Da kasuwar jiragen ruwa ta fara mutuwa, kamfanin United Aircraft, wanda ya saye nasa tun 1929, ya shirya rufe sashen. Sikorsky ya roƙi a bar masa mutanensa da ɗan kuɗi ya koma kan abin da ya jingine a lambun Kyiv.

Ranar 14 ga Satumbar 1939, a Stratford da ke jihar Connecticut, VS-300 ya ɗaga daga ƙasa na 'yan daƙiƙoƙi, a ɗaure da igiyoyi. Ƙarafa ne kawai a tsaye, ba bango ba rufi. Sikorsky, yana da shekara 50, shi ne a kan kujerar, da kwat da malafa, iskar farfela na kaɗa shi. Ya sake zama mai koyon tuƙa abin da ba wanda ya iya.

Ba shi ne farkon wanda ya tashi da jirgi mai saukar ungulu ba, Faransawa da Jamusawa sun riga shi. Abin da ya tabbatar shi ne tsarin babbar farfela ɗaya a ka da ƙarama a wutsiya mai hana jirgin juyawa, wanda yawancin irin waɗannan jirage ke bi har yau. A watan Mayun 1941 ya yi fiye da awa ɗaya da rabi a sama ba sauka. A 1942 samfurin R-4 ya fito, na farko da aka ƙera da yawa a masana'anta.

An yi yaƙi da jiragensa, kuma har yanzu ana yi. Black Hawk na sojan Amurka daga kamfaninsa ya fito bayan mutuwarsa. Amma abin da shi ya fi alfahari da shi ceto ne. A 1944 aka kwaso sojoji da suka maƙale a dajin Burma da R-4. Ranar 29 ga Nuwambar 1945, cikin guguwa, aka zaro mutum biyu da igiya daga wani jirgin dakon mai da ya kafe a kan duwatsu kusa da masana'antarsa. Matuƙin ɗan 'yar uwarsa ne, Dmitry Viner. Mutanen ƙauyukan da ambaliyar 2020 ta yanke wa hanya a Kebbi ba sa bukatar a yi musu bayanin amfanin jirgin da zai tsaya cak a sama ya sauko da igiya.

Ya yi ritaya a 1957, amma bai daina zuwa ofis ba. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kiristanci, har ya rubuta littattafai a kai. Bai sake komawa Kyiv ba. Kwalejin da ya bari bai gama ba ta ɗauki sunansa a 2016, ɗaya daga cikin filayen jiragen saman birnin kuma a 2018.

Ranar 25 ga Oktoban 1972 ya je ofis kamar kullum. Idonsa ya riga ya yi rauni, sai an karanta masa takarda. Wasiƙar ƙarshe da ya sa aka rubuta godiya ce ga wanda ya aiko masa da rahoton yadda jirage masu saukar ungulu suka kwashe mutane daga rufin wani dogon bene da ya kama da wuta a birnin Sao Paulo na Brazil. Washegari ya mutu a gidansa da ke Easton, yana da shekara 83. An binne shi a Stratford.